Raƙumin Siminti A Hanyar Hatta

Ina cikin shekarata ta huɗu a Dubai na tafi neman raƙumin nan. Ɗinki nake yi a unguwar Satwa, a shagon wani Ba'indiye, mu shida, kowa da kekensa kowa da yarensa. Ni kaɗai ne Bahaushe. Da safe in taka daga ɗakin da muke haya, in hau keken ɗinki, in yi ta tura labule da abaya ƙarƙashin allura har wuyana ya ƙage. Sai in wuni ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba, in ba allura ce ta soke ni na ce wayyo ba. A shekarun nan biza ta yi mana wuya, wanda ya leƙa gida ba shi da tabbacin za a bar shi ya dawo. Don haka na danne zuciyata na zauna.

Zafin garin na saba da shi, haka gadon sama da nake kwana a kai, wanda in na miƙe da garaje silin ke gaishe ni a ka. Abin da na kasa sabawa da shi maganar 'yata ce.

Ita ce ta fari. Da aka yaye ta aka kai ta ɗakin mahaifiyata, Inna, a Gwammaja, kamar yadda ake yi a gidanmu, ba a jima ba kuma na taho. Matata Hadiza tana Ɗorayi da ƙanin yarinyar. Shi wannan in na kira ina masa wasa, in kumbura kumatu, in yi masa kukan akuya, ba mai ce mini komai. Ita kuwa 'yar fari ce. A gidanmu ba a kama sunan ɗan fari, ba a yi masa wasa a gaban manya, ba a ma nuna an san da zamansa. Ni kaina ɗan farin Inna ne, kuma har na yi gemu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Kai” take cewa, ko “wancan”. Amma ban taɓa ɗauka ba ta sona ba, don in na buɗe kwanon tuwona nakan tarar da tsoka an binne ta a ƙasa, wadda babu irinta a kwanon ƙannena. Irin wannan kunyar tana tafiya daidai in ana gida ɗaya. Ta waya babu kwanon tuwo, shirun kawai ke isa ga mutum.

Duk Lahadi, ranar hutuna, ina kiran Inna a bidiyo. Ƙanwata Sa'adatu ce ke riƙe wayar. Inna tana kan dardumarta, yarinyar tana maƙale a bayanta, ido ɗaya a waje.

“Inna, ya mutanen gida?”

“Kowa lafiya.”

“Yara duk suna lafiya?”

“Lafiya lau.”

Iyakarta ke nan. Ina kallon Inna da baki, idona kuwa yana kan yarinyar. Akwai tagar ɗakin Inna, ita ce ma'aunina. In ta wuce ta gabanta sai in lura inda kanta ya kai, in ƙiyasta tsawo da kafaɗa, in ɗinka mata riga da guntayen yadin da na saya. Kuma sai na haɗa da wasu riguna na 'ya'yan ƙannena, in ba 'yan kago masu jigilar kaya in ce a kai wa yaran gida, don kada a ce na ware ta. Da yake kowa a gidan Yaya yake ce mini, ita ma ta ɗauka. In ana maganata sai ta ce Yayan Dubai. Ranar da na fara jin haka na yi dariya tare da kowa, na ajiye waya na kasa cin abinci. Tsoron da nake ji shi ne kada ta girma tana lissafa ni cikin kawunnai masu aiko da tsaraba.

Wata rana maigidan shagonmu ya tura ni da direbansa mu kai labulaye wani gidan gona can wajen gari, ta hanyar Hatta. A kan hanyar dawowa ina gyangyaɗi, sai na buɗe ido na ga raƙumi ya fi gidan bene tsawo, tsaye a bakin titi. Kafin in gane mutum-mutumi ne har gabana ya faɗi. Na ɗaga waya na ɗauka muna gudu, hoton ya fito a karkace, na tura wa Sa'adatu don nishaɗi.

Washegari ta aiko da saƙon murya tana dariya. A bayanta sai ga wata 'yar murya, tsaf, ba tsoro.

“Ƙarya ne, babu raƙumi mai girman haka. A ce wa Yayan Dubai ya tsaya kusa da shi mu gani.”

Na saurari saƙon nan har na haddace inda tasa ta faɗi a tsakar gida. Tunda aka haife ta ba ta taɓa neman wani abu a wajena ba sai ranar. Na tambayi direban shagonmu inda wurin yake, ya ɗaga kafaɗa ya ce duk hamada ɗaya ce, shi titi yake kallo.

Ran Lahadi na sa farar shaddata ta Sallah da hula, na nufi Naif, inda mutanenmu suke. In kewa ta ishe ni nakan je can in tsaya a bakin lungu don kawai in ji ana ciniki da Hausa. Na sami Alhaji Ado, mai harkar kago, wanda ke kai mini saƙo gida. Waya ɗaya a kunne, ɗaya a hannu, ana ta naɗe masa katan-katan na takalma da salatif. Na nuna masa hoton.

“Tela, wai gunki za ka je gani?” Ya tuntsire da dariya. “Ka baro Kano ka zo ƙasar Larabawa ziyarar gunki? Jama'a ku zo ku ji!”

“Yara ne ke son gani, Alhaji.”

“To ka tsaya a gaban dogon benen nan mana kamar kowa, a san kana Dubai. Yalla, hanzarta, ga masu mota can a bayan masallaci, ka tambaye su. Ni kwantena ce ke jirana.”

Bai yi da mugunta ba. Kafin in yi godiya har ya koma kan wayarsa. Na tsaya cikin mutanena, kowa na magana da harshena, babu wanda ke magana da ni.

A bayan masallacin na sami wani mai ƙaramar mota, irin masu ɗaukar fasinja a ɓoye. Ban san ko ɗan wace ƙasa ba ne. Ya kalli hoton da wutsiyar ido ya ce, “Ma'alum, ma'alum, habibi, yalla,” wato ya san wurin, mu tafi. Ya ce a biya shi kafin a tashi, zuwa da dawowa. Na biya. Ni da na yi shekaru ina jin labarin irinsu, sai ga ni na miƙa wuya kamar baƙon jiya, saboda zumuɗi.

Muka fita daga gari. Benaye suka ƙare, rairayi ya fara, ja-ja, ga waya an kewaye shi da ita hagu da dama. Bai ce mini uffan ba, waƙar yarensu kawai yake ji. Can sai ya karya kan mota ya shiga wani gidan mai, ya tsaya a gaban shagon da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido rawani da kwalaben turare. A ƙofar shagon akwai wani raƙumin roba da bai wuce ƙuguna ba, an sa masa tabarau, wani yaron Turawa yana kansa.

“Ga shi,” in ji shi.

Na ce ba shi ba ne. Na nuna hoton, na ɗaga hannu sama ina kwatanta girma.

“Sem-sem, habibi. Raƙumi raƙumi ne. Sauka ka yi hoto, zan sha mai.”

Na sauka don in tambayi mai shagon. Ina juyowa na hango bayan motar tana hawa titi. Ban bi shi da gudu ba, ban yi ihu ba. Wa zan kai wa ƙara, ni da na hau motar da doka ba ta sani ba? Na tsaya a rana da shaddata mai sitaci, ni da raƙumi mai tabarau. Wallahi kunya ta fi baƙin cikin yawa.

Na zauna a gefen masallacin gidan man har aka yi azahar. Bayan sallah ina sa takalmi na ce a fili, “Yau ni na kawo kaina.” Sai wani dattijo baƙi, dogo, cikin farar jallabiya, ya juyo.

“Hausa?” ya ce.

Na ce e.

“Ina gajiya? Ina mutan gida?”

Hausar tasa ta tsufa, irin wadda na ji a bakin kakata, kuma Larabci ya cinye rabinta. Sunansa Usman, mutumin Sudan ne, yana tuƙa babbar mota yana kai ciyawa gonakin raƙuma. Ya ce kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare a bakin kogin Nilu, ya tsaya ya yi noma.

“Ya ce damina ɗaya zai yi,” in ji Baba Usman. “A can muka binne shi.”

Ya yi dariya, ni ban iya yi ba, don ni ma shekara ɗaya na ce wa Hadiza. Na nuna masa hoton. Ya ce ya san wurin, an wuce da ni mararrabar tun tuni, amma hanyarsa ce. Ya ture buhun burodi da butar shayi daga kujera ya ce in hau.

Motar tana warin ciyawa, warin da rabona da shi tun kasuwar dabbobi ana gobe Sallah. Muna tafe ya tambaye ni ko ina da iyali. Na ce ina da mata.

“Yara nawa?”

“Ɗaya, namiji.”

Haka bakina ya saba. A gida in an tambaye ka, ba ka sa na fari a lissafi.

“Shi ke son raƙumin?”

“A'a, bai isa ba. Wata yarinya ce, 'yar wajen mahaifiyata.”

“Ƙanwarka?”

Na kau da kai wajen taga. Ya dube ni, ya dubi titi, ya sake dubana.

“Tawa ce,” na ce. “Ta fari.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce kakarsa ma haka ta yi wa babansa, har ta rasu ba ta kama sunansa ba, su jikoki suna yi mata dariya. Sannan ya ce, “Amma ita tana ganinsa kullum, ɗana.” Bai ƙara ba, ya miƙo mini ruwa.

Daga nesa na fara hango wuyan. Ya sauke ni a gefen titi, ya ce zai kai ciyawa ya dawo ta nan kafin magariba, in Allah ya so. Ya bar mini gorar ruwa da rabin burodinsa.

Na zaci zan tarar da jama'a. Babu kowa. A bayan raƙumin akwai wani gidan abinci da aka rufe, rairayi ya taru a bakin ƙofarsa. Shi kuwa yana tsaye, na siminti, ƙafa ɗaya ta fi ni kauri nesa ba kusa ba, kaina bai kai gwiwarsa ba. Ta wajen titi an shafa masa fenti ruwan ƙasa, ta baya an bar shi fari fat da tabon ruwa, tunda masu wucewa ba sa gani. Kunnensa ɗaya ya gutsure, rodi ya leƙo. Tattabaru sun yi gida a ƙarƙashin wuyansa. Ya miƙa kai wajen titi, motoci suna ta wucewa fuu, babu mai rage gudu. Na zagaya shi na dafa ƙafarsa, zafi ya sa na janye hannu. Sai na ji tausayinsa, na kuma ji haushin kaina da nake tausayin siminti.

Na kira Sa'adatu, waya a kashe. Na san zancen, babu wuta, an kai caji. Na shiga inuwar cikinsa na zauna a kan takalmina. Na ci burodi, na watsa wa tattabaru ɓarɓashi. Na sake kira, shiru. Na yi taimama na yi la'asar can gefe, na juya masa baya don kada maganar Alhaji Ado ta tabbata. Inuwar tana matsawa ina binta. A duk zamana na Dubai ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba. Na ce a raina, in na mutu a nan sai dai tattabaru su ba da labari.

Rana ta yi sanyi, sai wayar ta yi ƙara. Sa'adatu ce.

“Yaya, ka yi haƙuri, yanzu aka karɓo ta. Kai! Ina ne nan?”

“Kai wa Inna,” na ce.

Ga Inna a kan darduma, ga ido ɗaya a bayan kafaɗarta. Muka gaisa yadda muka saba, kowa lafiya, yara lafiya. Sannan na ce, ina kallon gefe, “Dama raƙumin nan ne aka ce ana son gani.” Na ja da baya na miƙa hannu iya tsawonsa don mu fito tare.

Inna ta kawo fuska kusa da waya. Ta dubi raƙumin kaɗan, ta daɗe tana dubana, da shaddar da ta jiƙe da gumi, da hamadar da ke bayana.

“Kai kaɗai ne a wurin?” ta ce.

“Ni kaɗai ne, Inna.”

Sai ta dafa gwiwa ta miƙe.

“Sa'a, ba ta wayar ta riƙe. Zo ki kama mini tukunyar nan kada ta ƙone.”

Inna ta yi shekaru rabonta da murhu, kowa ya sani. Na ji Sa'adatu ta fara cewa “Wace tukun...” sai kuma ta miƙa wayar ta bi bayanta. Labulen ƙofa ya motsa, ɗakin ya rage daga ni sai yarinyar. Fuskarta ta cika wayar. Haƙorinta ɗaya na gaba ya fita, ban ma sani ba. Tana sanye da rigar da na aika da azumi, mai ruwan goro.

Duk maganar da na tara tsawon shekaru ta gudu.

“Ka matsa,” ta ce. “Ka tare shi.”

Na matsa. Na juya wayar ta koma kan raƙumin gaba ɗaya, ni ina gefe, ba ta ganina, ni ina ganinta. Ta buɗe baki.

“Lah! Da gaske ne. Yana cizo?”

Ban san inda dabarar ta fito ba. Na ji na ƙanƙance maƙogwaro na yi wata murya mai kauri.

“Ba na cizo. Haƙorana na siminti ne.”

Ta ƙyalƙyale da dariya har wayar ta karkace, na ga silin ɗin Inna. Ta gyara.

“Raƙumi, me kake ci?”

“Rairayi da burodi.”

“Ina 'yan gidanku?”

“Suna nesa. Ni kaɗai aka bari a nan.”

“Ba ka jin tsoro?”

“Ina ji wani lokaci.” Tunda raƙumi ne ke magana, babu wanda zai ce ya yi rashin kunya. “Safiya,” na ce. Rabon sunan nan da bakina tun ranar da na raɗa mata shi a kunne. “Safiya, kin san mutumin da ya kawo ki wajena?”

“Yayan Dubai.”

“Kin san ko wane ne shi a wajenki?”

Ta kalli ƙofa, ta dawo da ido, ta rage murya.

“Babana ne mana. Inna ta gaya mini tun da daɗewa. Ta ce kunyata yake ji, shi ya sa ba na yi masa magana, kada in ƙara masa.”

Na zauna a ƙasa, hannuna ɗaya a sama yana riƙe da wayar. Wata babbar mota ta wuce ta watsa mini rairayi. Na kasa yin muryar raƙumi, na kasa yin tawa.

“Raƙumi? Kana ji?”

“Ina ji.”

“Ka gaya masa in ya gama jin kunyar ya zo ya auna ni da kansa. Wannan ta matse ni a hammata.”

Na goge fuska da hannun shadda. Na juyo da wayar, raƙumin ya fita, na shigo. Da muryata, wadda nake ciniki da ita, wadda nake gaida Inna da ita, na ce, “Safiya, ɗaga hannun in gani.”

Ta sunkuyar da kai. Sannan a hankali ta ɗaga hannun sama, tana kallon tabarma. Gaskiyarta, ɗinkin ya ja, har zare ya fara buɗewa. Na yi kuskuren kusan yatsa biyu.

“Na gani,” na ce. “Zan zo da tef ɗina.”

“To, Baba.”

A bayanta ina hango ƙofar ɗakin. Labulen bai kai ƙasa ba, ni na ɗinka shi kafin in taho, na gajarta shi. A ƙarƙashinsa ga ƙafafun Inna cikin silifas ɗinta shuɗi, tsaye a rana, ba su je wajen wata tukunya ba. Ba su shigo ba, ba su kuma tafi ba, har cajin wayata ya ƙare.